Sassaƙen da Baƙuwa Ta Rataye

Kakata ta shekara fiye da hamsin a ƙasar Matsinkai, amma har ta mutu ba a daina ce mata Baƙuwa ba. Daga ƙetaren iyaka aka auro ta, daga wani ƙauye na ƙasar Benin wanda tafiyarsa a ƙafa ba ta kai yini ba, in rafin da ke tsakani bai cika ba. Ɗa guda ne ya rayu mata, shi ne babana, Malam Badamasi, mai kiran salla a masallacin unguwarmu. Ita kuwa ba ta taɓa sa goshinta a ƙasa ba. Ban faɗi haka don in tona mata asiri ba. Kowa ya sani, kuma ita ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Sana'arta a da dafa giya ce, ta jar dawa. An ce har daga Lolo ake zuwa nemanta. Shekarar da babana ya dawo daga karatu da rawani a kansa, bai ce mata komai ba, ita ma ba ta jira ya ce ba. Ta ɗaura manyan tukwanenta a jaki ta aika wa ƙanwarta da ke can garinsu, wadda kowa ke ce wa Goggo. Daga baya, da kakana ya rasu, ta bar gari ta koma tungar gonarmu, ta zauna ita kaɗai a ɗakin kara mai rufin ciyawa. Ta daina dafawa. Abu guda ne ba ta daina ba.

A saman murhunta, inda hayaƙi ya mayar da rufin baƙi ƙirin, akwai wani ɗauri a rataye. Sassaƙen maɗaci ne, an naɗe shi da ganye an ɗaure da igiyar rama. Tun ina yarinya nake ganinsa. Duk hutun makaranta a wurinta nake yi, domin ni kaɗai ce a cikin jikokinta ba na ƙyamar cin tuwonta. Malama take ce mini, don tsokana, ni kuma in ce mata tsohuwar banza mai warin hayaƙi.

Wata rana, ina aji biyu a sakandare, ta sauko da ɗaurin ta miƙa mini.

"Malama, shinshina. Mi kinka ji?"

Na ce wari nake ji, kamar na man shanun da ya daɗe a ƙwarya. Ta yi dariya har da tari. Ta ɓalli ɗan guntu ta ce in tauna. Na tauna ina jiran ɗacin maɗaci, wanda duk yaron da aka taɓa ɗura wa don ciwon ciki ya san shi. Babu. Kamar na tauna tsohon kara.

"Ɗanye baki garai," in ji ta. "In kinka sa shi a giya, ɗaci ka korar mutane. Wanga ya bar surutu. Amma ƙarfin yana nan ciki."

Ta bayyana mini cewa giya ba ta da haƙuri. In ta nuna yau, gobe a sha, jibi ta juya ta koma ruwan tsami mai yankan maƙogwaro. Amma in an dafa ta da sassaƙen da ya sha hayaƙi shekaru, ɗacin ya riga ya fita, sai ya riƙe ta, ya hana ta juyawa kwana da kwanaki. Ba a yin wannan wahalar don giyar kasuwa. Ta matattu ake yi wa. A gidansu, in mace ta mutu, sai wata mace ta jininta ta dafa mata giya da sassaƙen da mamaciyar ta rataye da hannunta, a kai ta kabarin a zuba ta wajen kai, kafin mutanen gidan su ci sabon geron shekarar. Kuma dole wani na jininta ya shaida cewa ba ta juya ba, don zuba wa mamaci giya mai tsami daidai yake da zaginsa. Wadda ba a yi wa ba, in ji ta, ba ta tafiya. Tsayawa take a bakin ƙofa da ƙishirwa.

Na ce mata wannan duk camfi ne. Ta ce to, camfin ne zan yi mata.

Shekaru bayan haka, ina karatun kimiyyar abinci a Birnin Kebbi, wani malaminmu ya ambata cewa Turawa ma suna da wani fure mai ɗaci da wasunsu ke ajiyewa ya tsufa kafin su jefa a giya, don ya tsare ta ba tare da ya ɗata ta ba. Na fashe da dariya ni kaɗai a cikin aji. Da na ba ta labari, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ashe Turawan ma suna da matattu.

Da bazara ta mutu. Ina wurinta kwana biyu kafin nan. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗaga ido ta dubi rufin, ta dube ni. Na ce mata to. Kalma guda ce, amma na faɗe ta, kuma ta ji.

Ba a yi mata salla ba. Babana da wasu dattawa biyu suka binne ta bayan ɗakinta, shi ya haƙa ramin da hannunsa. Ya dawo gida ya yi kwanaki ba ya magana, sai kiran salla.

Bayan ruwan farko abin ya soma. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bagudo. Da tsakar rana, in rana ta tsaya a ka, yara sun yi laushi, sai in ji wani sauti siriri, kamar na kumfa tana fashewa a bakin tukunya. Sai kuma warin ya biyo baya: tsiron dawa, hayaƙi, da wannan tsohon man shanun. Ranar farko na tambayi yaran wa ya zo da abu a jaka. Suka dubi juna. Na leƙa ta taga, babu komai sai filin ƙwallo da awaki. Washegari ya dawo, daidai lokacin. Na canja sabulu, na wanke hijabaina duka, na sha maganin mura. Na karanta abin da na sani na tsari. Ina karantawa ina jin sautin a ƙarƙashin muryata, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, yana jira. Ba da dare tsohuwar take zuwa ba, kamar yadda ake faɗa a labarai. Da rana tsaka take zuwa, lokacin da ta saba ɗora tukunya.

Da aka ba da dogon hutu na koma Matsinkai. Gero ya fara fitar da kai. Na sami babana a zaure na faɗa masa abin da zan yi, ban lulluɓe ba. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya jera mini abin da na riga na sani: mai dafawa, mai ɗauka, wanda aka kai wa, duk hukuncinsu. Na ce na karanta inda ya karanta. Na ce ba zan sha ba, ba zan sayar ba, ba zan ce halal ce ba. Amma na ce wa mai mutuwa to, kuma ban san yadda ake janye to daga hannun wanda ya riga ya tafi ba. Ya ce bayan girbi zai sa wa ɗakin tsohuwar wuta, a huta.

"In kinka ƙetara da wanga abu," ya ce, "kada ki shigo min gida da shi."

Na lura bai ce kada in dawo ba. Innata, Fadimatu, ta bi ni har ƙofa tana kuka, tana cewa me mutane za su ce, 'yar ladan, mai ilimi, da tukunyar giya. Na ce mata mutanen nan sun shekara hamsin suna ce wa tsohuwar Baƙuwa, su ci gaba da magana, bakinsu ne.

Na biya ta tunga. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, tabarmarta a naɗe, ludayinta a soke a jikin kara. Na taka dutsen murhu na kwance ɗaurin, na bar igiyar da aka rataye shi da ita. Bai da nauyi ko kaɗan. Kunkunniya ta zubo mini a fuska. Ban dubi bayan ɗakin ba.

Na ɗauka in na ƙetara zan sami masu goyon bayana. Ban samu ba. Goggo ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi fari, wani lokaci ta kira ni da sunan kakata. Matan 'ya'yanta ne ke dafa giya yanzu da tukwanen Baƙuwa, su dafa yau su sayar gobe a kasuwa, ba ruwansu da sassaƙe. Suka zagaye ni suna kallon hijabina. Babbarsu, wata doguwa mai tsage a kumatu, ta karɓi ɗaurin ta shinshina ta tofar da yawu. Ta ce wannan ya mutu tun tuni, ruɓaɓɓen itace ne, zai ɓata mana tukunya. Ta ce ga maɗaci can bakin rijiya, a aika a saro sabo mai ƙarfi. Wata ta ce ai hannun mai alwala ma ba ya tayar da giya. Suka yi ta dariya.

Na kai wa Goggo ɗaurin. Ta shafa shi da yatsu, ta kai hanci. Ta ce ita kam ta manta, an daɗe ba a yi ba. Da aka yi na uwarsu, yayarta Baƙuwa ce ta dafa, ita tana goyo. Ta ce wataƙila a haɗa da sabon, don a tabbata.

Na ce ba za a haɗa ba. Doguwar ta tambaye ni ko a makarantar boko aka koya mini dafa giya. Na ce a'a, mai tukwanen da take cin abinci da su ce ta koya mini. Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba, amma ta nuna mini inda ake ajiye itace.

Ban taɓa yin aikin da hannuna ba. Da baki aka koya mini, a bakin murhu, tsakanin tsokana da tsokana. Na jiƙa dawa, na shanya ta a inuwa na rufe da ganye, ina yayyafa ruwa safe da yamma har ta tsiro. Na busar da tsiron a ɗan hasken da damina ta bari, ina kwashewa da gudu in hadari ya taso. Na niƙa a dutse, domin Baƙuwa ta ce na matattu ba a kai shi inji. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu, ya fashe, ya sake yi. In lokacin salla ya yi, in wanke hannu in koma bayan rumbu in yi abata, yaran gidan suna leƙe. A wurinsu ni Bahaushiya ce mai girman kai. A gida kuma na san abin da ake kirana. Ban roƙi kowa ya fahimce ni ba.

Kullum da tsakar rana sautin yana zuwa. A can ma bai bar ni ba. Sai dai na lura, tun da na fara niƙa, kamar ya matso kusa, kamar mutum ya tsaya a bayan kafaɗata yana duba aikina.

Ranar dahuwa ta biyu, da ruwan ya tafasa ya yi ja, na kwance igiyar ramar. Sassaƙen ya yi baƙi, yana marmashewa. Na zuba shi duka, yadda ta ce, ban rage ko guntu ba. Wani wari ya tashi wanda ya sa matan suka toshe hanci suka ja baya. Goggo, daga inda take zaune a bakin ƙofa, ta ɗaga kai. Ta ce wani abu da yarensu, hawaye na bin kumatunta. Na tambayi wata yarinya me ta ce. Ta ce cewa ta yi, warin ranar uwarsu ke nan.

Na tace, na bar shi ya huce, na juye a tulu, na jefa tsohuwar ƙwaryar da ba a wanke cikinta, wadda ke tayar da giya. Da safe tulun yana magana. Sautin da na yi watanni ina ji a cikin kaina, ga shi yana fitowa daga bakin tulu, kowa na ji. Na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba.

A ranar na kama hanya. Masu kabu-kabu biyu suka ƙi ɗaukata da suka ji warin, na uku ya yarda, ni na ƙi, don girgizar babur za ta zubar da rabi. Na rufe bakin tulun da ganye, na naɗa gammo, na aza a ka. Ban saba da kaya a ka ba. Kafin in kai rafi wuyana ya sage.

Rafin da na ƙetara da ruwa iya gwiwa ya zama gulbi. An yi ruwa a sama, babban kogi ya tokaro shi, ya haye gonakin shinkafa, ya yi ja, yana tafe da rassan itace da matacciyar akuya. A bakin ruwan akwai bukkokin masunta. Mai kwalekwalen, wani dattijo da ake kira Namadi, yana gyaran koma. Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya dubi tulun. Ya ce ko matarsa ce ke naƙuda a ƙetare ba zai shiga ba yau. Ya kuma ce ko ruwan ya faɗa, jirginsa na kifi ne da mutane, bai taɓa ɗaukar wannan ba.

Na ajiye tulun a ƙarƙashin wata rumfa da suke shanya kifi, na haƙa rami a jiƙaƙƙen yashi na binne gindinsa don sanyi, na zauna.

Kwana ya bi kwana. Matar Namadi, Mariyamu, tana aiko mini da tuwo da kifi, amma a wani kwano dabam, a ajiye shi nesa da rumfar in je in ɗauka. Ban ga laifinta ba. Sauro ya ci ni har idona ya kumbura. Ruwan sama ya doke ni ta gefen rumfar, na cire mayafina na rufe tulun, ni na jiƙe. Da safe in je in duba sandar da Namadi ya kafa a bakin ruwa, in ga ko ya sauka. Wata rana ya sauka kaɗan, washegari ya mayar.

Tulun ya daina magana. Kumfar ta kwanta. Daga nan tsoro ya kama ni sosai, domin na gane wani abu da ban yi tunaninsa ba. Ba ni da yadda zan san ko ta juya. Ban taɓa sha ba, ba kuma zan sha ba. Hancina kuwa ya yi watanni cike da wannan warin, ko akwai tulu ko babu. In na buɗe na shinshina, ban san ko na tulun nake ji ko nata ba. Goggo ce kaɗai mai jininta da za ta iya shaida, ga ta ba ta iya tashi.

Wata safiya doguwar matar nan ta sauko bakin ruwa. Ban san me ya kawo ta ba, wataƙila tausayi. Ta ce ragowar tasu, wadda suka dafa rana ɗaya da tawa, ta juya tun shekaranjiya, sun zubar wa aladu. Ta ce in komo a sake, da sabon sassaƙe, ba wanda zai sani. Na ce mai shi za ta sani. Ta ce to geron fa, ai yanzu a ƙasarku an fara cin tumu. Na ce na sani. Ta tsaya tana kallona, sannan ta kwance wani tsohon zane daga ƙugunta ta jefa mini in rufe tulun, ta juya.

Da tsakar rana, a bakin ruwan nan, sautin ya kan zo daga ƙetare yanzu, ba daga bayana ba. Daga wajen tungarmu. Sai in ga kamar akwai wata a tsaye can cikin ciyawar da ruwa ya shanye rabi, gajeriya, da ɗankwali baƙi. In na ƙura ido, kututture ne. In na kawar da kai, sai in ji ana kallona.

Ranar da sandar ta nuna ruwa ya sauka kamu guda, Namadi ya zo ya tsuguna nesa da rumfar. Ya tambaye ni 'yar wa ce. Na faɗa masa. Ya ce ya san Baƙuwa, shi ya sha ƙetarar da ita in za ta gida, duk sanda ta shiga jirginsa sai ta ba shi gyaɗa ko kuɓewa.

"Ni mutum nika ɗauka," ya ce, yana kallon ruwa. "Abin da mutum ya riƙa a cinya tai, tsakaninshi da Allah. Amma kada ya taɓa min katako."

Haka muka ƙetara. Na zauna a tsakiyar kwalekwalen da tulu a cinya, na rungume shi, ruwa na jan mu gefe, Namadi na tuƙi yana salati. Sau biyu igiyar ruwa ta ɗaga mu ta buga, tulun ya zame, na tare shi da haɓa da gwiwa. Bai taɓa katako ba. Da muka kai, ƙafafuna sun mutu, sai da ya jira na iya miƙewa. Bai karɓi komai ba, bai kuma taimake ni aza kayan ba.

Hanyar tunga ta ratsa gonakin mutane. A gona ta farko na ga yara zaune a bakin wuta suna gasa tumu, bakinsu baƙi. A ta biyu an riga an kwantar da kara. A ta uku mata na ɗaure dammuna. Suka daina aiki suna bin tulun da ido, wata ta kira sunan innata da ƙarfi don in ji. Ban sunkuyar da kai ba, ko da na so, kayan ba zai bari ba. Amma a cikina na riga na san na makara. Geronmu kullum shi ke fara nuna a wannan gefen. Na ci gaba da tafiya don ban san abin da zan yi in na tsaya ba.

Rana ta tsaya a ka lokacin da na hango rufin ɗakin. Sautin ya cika mini kunne. Sai na ga gonarmu.

Geron yana tsaye, duka, ba a taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Ya nuna har ya wuce, kawunan sun sunkuya, wasu sun fara zuba. Tsuntsaye sun rufe shi kamar an shimfiɗa baƙin zane, suna ci ba mai korarsu. A ƙofar ɗakin Baƙuwa, a kan kifaffen turminta, babana na zaune da gwangwanin korar tsuntsu a ajiye kusa da ƙafarsa. Ya rame. Daga baya innata ta gaya mini cewa kullum sai ya ce geron bai yi ba, a ƙara masa kwana, ya hana ko yara su karyo tumu, kuma kullum kafin azahar sai ya fita ya ce za shi korar tsuntsaye.

Na sauke tulun a gabansa, ba a cikin gidansa ba, a tungar uwarsa. Na gaishe shi. Ya amsa bai dube ni ba. Na ce masa na dafa, da nata, yadda ta ce. Na ce ruwa ya tsare ni. Na ce ban san ko ta juya ba, kuma babu mai jininta a wannan gefen da ya san warin sai ni da shi.

Tsuntsaye na ta hayaniya a bayanmu. Sannan ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba, tun ruwan farko babu azahar ɗaya da wannan warin bai biyo shi cikin masallaci ba.

Na cire zanen, na ɗaga ganyen. Bai taɓa tulun ba. Ya sa hannuwansa a baya, ya sunkuyo, ya rufe ido, ya ja numfashi sau ɗaya. Na ga fuskarsa ta canja, ta koma ta wani yaro da ban taɓa sani ba, wanda ya tashi a gindin waɗannan tukwanen kafin a haife ni, kafin rawani.

"Ba ta juya ba," ya ce.

Ya miƙe, ya juya mini baya, ya fuskanci gonar.

"Tahi ki yi abin da kinka zo yi. Ni ban gani ba. Allah shi gafarta muna."

Na ce amin, kuma da gaske na faɗa. Na zagaya bayan ɗakin. Ruwan damina ya kwantar da kabarin, ciyawa ta fito, amma an nome kewayensa tas, sabon noma. Na durƙusa wajen kai na karkata tulun. Ta fito ja, a hankali, ƙasa na shanyewa. Ban san kalmomin da ake faɗa da yarensu ba. Na ce, tsohuwar banza, ga shi nan, Malama ta kawo.

Da ɗigon ƙarshe ya faɗi na saurara. Tsuntsaye, iska a cikin kara, wata saniya can nesa. Babu komai a ƙarƙashinsu. Na ja numfashi, na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai. Na yi watanni ina roƙon wannan shirun, da ya zo kuma sai na ji kamar yau ta mutu. A nan na yi kukan da ban yi ba da bazara.

Da na zagayo, babana ya shiga gona ya karyo zangarniya biyu. Ya hura wuta a murhunta, ƙarƙashin igiyar da na bari tana lilo ba komai a jikinta. Ya gasa, ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya miƙo mini. Ya ga tafin hannuna, ya kawar da kai. Muka ci a tsaye. Sannan ya dubi inuwa ya ce azahar ta yi, in nemi ruwa in wanke hannuna da kyau.

Bai ƙone ɗakin ba. Har yanzu in na je tunga nakan shiga da tsakar rana in tsaya a bakin murhun in saurara. Ba ta taɓa dawowa ba.